Darasi na Goma Sha Ɗaya: Rage Ƙarar Fankar Kwamfuta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. faɗin dalilin da ya sa kwamfuta take ɗaukar zafi, da hanyar da take fitar da shi;
2. bambanta ire-iren ƙarar da ke fitowa daga cikinta da kunne kawai;
3. share fanka da ƙarfen tsotse zafi, da ɗiga mai, da sabunta man furosesa ba tare da ya yi ɓarna ba;
4. rage gudun fanka gwargwadon abin da zafin ƙasarmu zai yarda da shi.

Gabatarwa

Kwamfuta ta shiga harkar yau da kullum a ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, don haka yaron garin Banga da ke neman jami'a dole ya saba da ita. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da ita suke buga ayyukansu. Ga masu shagon buga takardu da gurza su, ga masu tura waƙa da fim a waya, ga masu ɗaukar karatun malamai lokacin azumi.

Galibin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, an sayo su a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, bayan sun ci zamaninsu a ofisoshin Turai da Amurka masu na'urar sanyaya ɗaki. Kamfanoni irin su Dell da HP da Apple sukan rubuta cewa kada zafin ɗakin da za a kunna yawancin kwamfutocinsu ya wuce digiri 35. Mu kuwa a nan, da rana a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano. Idan bazara ba ta takura wa kwamfuta ba, hunturu zai cika ta da ƙura. Shi ya sa wadda ta zo shiru takan koma tana kuka kafin shekara ta zagayo.

A da ƙarar janareto takan danne komai. Yanzu da shaguna suke komawa sola, wuri ya yi tsit, sai kukan fanka ya fito fili: yana hana ɗalibi natsuwa, yana shiga makirfo ya ɓata karatun da aka ɗauka, yana sa mai saye ya yi zaton kwamfutar ta kusa mutuwa.

Abin da za a riƙe tun daga farko shi ne ruwa ba ya tsami banza. Fankar da ke ihu tana ba da labarin zafi ne, ko ƙura, ko tsufa. Wanda ya toshe mata baki bai kawar da dalilin ba, zai samu shiru na ɗan lokaci, sannan ya rasa kwamfutar. Ƙa'idarmu ke nan: a rage zafi tukuna, sannan a rage gudu.

1. Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Inda ya fi taruwa shi ne furosesa, wato ɗan guntun da ke yin lissafi, wanda bai kai faɗin kwalin ashana ba. Furosesar kwamfutar teburi ta yau da kullum takan fitar da zafin da ya kai wat 65, ta laftof kuma wajen wat 15 zuwa 45. Wasu tsofaffin Pentium 4 na wajen 2004 har wat 115 suke fitarwa, shi ya sa suka yi suna wajen ƙara. Zuwan Core 2 Duo a 2006 ya sauko da abin zuwa wajen wat 65.

Hanyar fitar zafi mataki huɗu ce. Daga furosesa ya shiga wani mai mai kauri, ruwan toka, da ake shafawa a kanta. Daga man ya shiga ƙarfen tsotse zafi, wanda masu gyara ke kira hitsink. Daga ƙarfen ya bi siraran fika-fikansa. Daga fika-fikan iskar fanka ta kwashe shi ta fitar waje.

Duk wanda ya taɓa duba injin babur ya ga wannan dabara. Zara-zaran ƙarfen da ke kewaye da silinda an yi su ne don iska ta sami wuri mai yawa da za ta taɓa. Idan laka ta cike tsakaninsu, injin zai yi zafi ko da ana gudu. Haka ƙarfen kwamfuta yake, sai dai shi ba ya tafiya, fanka ce ke kawo masa iska.

Da sanholo ko jan ƙarfe ake yin sa, domin suna saurin wuce da zafi. A ma'aunin masana na saurin wuce da zafi, jan ƙarfe yana da kusan 400, sanholo kusan 237, iska kuwa 0.026 kacal. Wannan tazara ita ce amfanin man furosesa. Ko da fuskar ƙarfe ta yi sumul a ido, tana da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuma tare zafi take yi. Man yana cike ramukan ya kore ta.

A laftof da manyan ƙarafa za ku ga bututun jan ƙarfe a lanƙwashe. A cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an like. Ruwan yana tururi a gefen furosesa, tururin ya ruga gefen fika-fikai ya huce ya koma ruwa, ya dawo. George Grover ne ya ƙera irin wannan bututu a Los Alamos ta Amurka a 1963. Idan ya huje ko ya karye, ya tashi aiki, kada a matse shi da filaya.

Furosesa tana auna zafin kanta. Da ya ƙaru sai ta nemi fanka ta ƙara gudu. Idan ya kusa iyaka, wato wajen digiri 100 a yawancin na Intel, 95 a yawancin Ryzen na AMD, sai ta rage saurin aikinta, in abin ya ƙi ta kashe kwamfutar. Don haka ƙara da nauyin aiki da mutuwa ba zato sau da yawa ciwo ɗaya ne.

Ga lissafin da ya shafe mu. A ce ƙarfen wata kwamfuta yana riƙe furosesa a digiri 45 sama da zafin ɗaki idan tana aiki sosai. A ofis mai digiri 22, furosesa za ta tsaya a 67. A shago mai digiri 40, za ta kai 85. Kwamfuta ɗaya, aiki ɗaya, amma ta biyun saura ƙiris ta kai iyaka. Saboda haka shawarar rage gudun fanka da za ta yi daidai a Jamus tana iya zama ɓarna a Zurmi.

2. Yadda ake auna ƙara

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Raɗa takan kai wajen 30, hira tsakanin mutum biyu wajen 60. Zama cikin ƙarar da ta kai 85 na tsawon awa takwas kullum yana lalata ji sannu a hankali. Fankar kwamfutar gida ba ta kai nan ba, damuwarta ta fi ga hana natsuwa. Janareto a bakin ƙofa shi ne abin tsoro ga kunne.

Desibel ba ya taruwa kamar kuɗi. Fanka biyu masu 30 kowace ba sa ba da 60, wajen 33 suke bayarwa. Ƙarin desibel 10 kuma kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar biyu.

Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan fanka: idan aka rage gudunta da rabi, iskar da take turawa za ta ragu da rabi, ƙararta kuma za ta sauka da wajen desibel 15. Wato fankar da ta sauko daga juyi 2,000 a minti zuwa 1,000, abin da kunne zai ji bai kai rabin na da ba. Daga nan muka sami darussa biyu. Fanka biyu masu tafiya a hankali sun fi guda ɗaya mai gudu shiru. Babbar fanka kuma ta fi ƙarama shiru, domin mai faɗin milimita 120 ta ninka mai 80 fili fiye da sau biyu, ba sai ta yi gudu ba kafin ta tura iskar da ake buƙata.

3. Saurara kafin ka kwance

Gwanin gyara da kunne yake farawa. Ire-iren ƙarar su ne:

- Huci mai ƙarfi kamar iska, wanda ke ƙaruwa idan aiki ya yi yawa: fanka lafiyarta lau, zafi ne ya yi yawa. A nemi ƙura, ko busasshen mai, ko manhajar da ke cin ƙarfin furosesa.
- Gurnani ko gurza, musamman da safe lokacin kunnawa: abin da fanka ke juyi a kai ne, bushi ya bushe ko boris ya cinye.
- Ƙas-ƙas-ƙas a jere: waya ce ko takarda ke taɓa fiffiken fanka.
- Ɗumi mai sa teburi rawa, wanda ke raguwa idan aka dafa akwatin: girgiza ce, sukuru ya saki ko murfi bai zauna ba.
- Siririn fito mai tsini da ba ya bin gudun fanka: daga kayan wutar allo (wato babban allon lantarki da furosesa ke zaune a kai) ko caja yake, fanka ba ta da laifi.
- Ƙwanƙwasa daga faifan ajiya: wannan alamar faifan zai mutu ne. A kwashe takardu a ajiye wani wuri nan take.

Kwamfutar teburi takan zo da fanka uku ko huɗu: ta furosesa, ta bayan akwati, ta akwatin wuta, wani lokaci da ta katin hoto. Don gane mai kukan, a buɗe murfin gefe, a naɗe takarda kamar bututu, a kara a kunne ana nuna kowace fanka. Ana kuma iya dafa tsakiyar fanka da yatsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ƙarar ta ɗauke to ita ce. Kada a taɓa fiffike, kada kuma a zura wani abu cikin akwatin wuta.

Ga misalin yadda hira takan kasance tsakanin mai shago da mai gyara:

"Malam, wagga kwamfuta ta hana mu sakat. Don Allah ka cire fankar kawai mu huta."

"Alhaji, in na cire ta ba za ta kai la'asar ba. Yaushe ta fara?"

"Tun bayan hunturu."

"Ina take zama?"

"Ƙasan teburi, jikin bango."

"To ranka ya daɗe, bari mu share ta, mu ɗaga ta sama. In ba ta yi shiru ba sai mu yi maganar sabuwar fanka."

Ku lura da tambayoyin biyu: yaushe ta fara, kuma ina take zama. Amsarsu takan nuna rabin gyaran.

4. Kariya kafin a taɓa komai

A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wuta ta zube. In laftof ce a cire batir, in na ciki ne a zare fulog ɗinsa da zarar an buɗe. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa allo. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum yakan ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota ko bargo. Tartsatsin da bai kai ka ji shi ba ma yana iya kashe guntun lantarki.

Kada ɗalibi ya buɗe akwatin wuta. A cikinsa akwai kafasito masu riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. In fankarsa ce ke kuka, a hura shi daga waje, in ya ƙi a kai wa ƙwararre ko a sauya shi.

A ɗauki hoton ciki da waya kafin a kwance, a jera sukurori a faranti bisa tsarin da aka cire su.

5. Matakan gyara, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

*Mataki na ɗaya: duba aikin da take yi.* A Windows a danna Ctrl da Shift da Esc tare, za a ga jerin manhajojin da ke aiki da kason da kowace ke ci. In furosesa tana kashi 90 ko 100 alhali ba a komai, akwai mai ci a ɓoye: ƙwayar cuta da ta shigo ta filash, ko manhajar riga-kafi biyu da ke faɗa da juna, ko shafukan intanet da yawa a buɗe. A sa manhaja irin su HWMonitor ko Core Temp, a rubuta zafin furosesa tana hutawa da kuma tana aiki. Da wannan adadi za a gane ko gyaran ya yi amfani.

*Mataki na biyu: mazauni.* Ƙura a ƙasa take kwanciya, don haka a ɗora akwati a kan teburi ko benci. A bar aƙalla taki ɗaya tsakaninsa da bango. Kada rana ta taga ta faɗa masa, kada a sa shi kusa da inbata da batura, su ma zafi suke fitarwa. Laftof da yawa ta ƙasa suke shaƙar iska, saboda haka katifa da darduma da filo duk toshe ta suke yi. A ɗora ta a kan katako ko tire, a ɗan ɗaga bayanta. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta ta huce, amma ba tana aiki ba.

*Mataki na uku: shara.* Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, laushi gare ta kamar gari. Tana haɗuwa da zaren tufafi ta zama kamar auduga a bakin fika-fikai. A laftof wannan dunƙule yakan toshe tsakanin fanka da ƙarfe ta yadda ba a ganinsa daga waje, sai an cire fankar. A fita waje, a rufe hanci, a yi amfani da buroshin fenti mai laushi da bulowa. A riƙe fiffiken fanka da yatsa ko tsinke yayin hurawa, domin in iska ta juya ta fiye da kima za ta ci boris, kuma tana iya tura wuta cikin allo. Iskar mai faci tana da ƙarfi sosai kuma takan zo da danshi, in ita kaɗai ke akwai a hura daga nesa. A goge kowane fiffike, domin ƙurar da ta taru a gefe ɗaya ita ke sa fanka rawa. A yankinmu ya kamata a yi wannan shara a tsakiyar hunturu, a sake a ƙarshensa kafin zafin Maris ya kama.

*Mataki na huɗu: girgiza.* A ɗaure sukurori daidai, a kama wayoyi da zare ko roba su bar hanyar fanka. A yanka ƙananan guntayen tsohon tiyub na keke a sa tsakanin fanka da akwati, da ƙarƙashin ƙafafun akwatin. Faifan ajiya mai juyi 5,400 ko 7,200 a minti shi ma yana kawo girgiza. In da hali a maye shi da SSD, wanda babu abin da ke juyi a cikinsa.

*Mataki na biyar: mai.* Fanka mai arha a kan bushi take juyi, man cikinsa kuma zafi yana busar da shi. A ɗaga takardar da ke manne a bayanta, a cire ɗan murfin roba in akwai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, a juya fiffike da hannu, a goge, a mayar a like. Ban da man gyaɗa da manja, suna daskarewa su kama ƙura. Ban da fetur da kananzir, suna wanke ragowar man su ci roba. Wasu fankoki a like suke ba su da wurin ɗigawa. Kuma a gaya wa mai kaya gaskiya: mai jinkiri ne kawai, in fiffike yana lilo gefe da gefe fankar ta gama.

*Mataki na shida: man furosesa.* Idan an share amma zafi bai sauka ba, kuma kwamfutar ta shekara da yawa ba a taɓa ta ba, mai yiwuwa man ya bushe ya zama kamar alli. A kunna ta ta ɗan yi ɗumi don man ya saki, a kashe, a sassauta sukurori kaɗan-kaɗan a gicciye, a murɗa ƙarfen a hankali kafin a ɗaga. Fizga kai tsaye tana iya tumɓuko furosesa, musamman tsofaffin na AMD masu allurai. A goge fuskokin biyu da ƙyalle marar gashi da sifirit mai tsabta, a bari su bushe. A ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, a mayar da ƙarfe, a ɗaure a gicciye. Yawan mai ba ya ƙara sanyi. Man goge baki da wasu ke sawa yana bushewa cikin kwanaki, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Duk lokacin da aka ɗaga ƙarfe, sai an sa sabon mai.

*Mataki na bakwai: sauya fanka.* A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. A dace da faɗi (80, 92, 120 ko 140), da ƙarfin wuta (bolt 12 a teburi, yawanci bolt 5 a laftof), da bakin fulog. Wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP suna da fulog nasu na daban. Fanka mai boris ko mai bushin ruwa ta fi mai bushi zalla jure zafi. In akwati yana da ramukan babbar fanka, a sa babba. Kibiyar da ke gefen fanka tana nuna inda iska ke bi, in babu kibiya to iska tana fita ta gefen da ke da sanduna da takarda. Tsari shi ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Ana iya ɗaura guntun gidan sauro a mashigar iska ya tare ƙura, da sharaɗin ana kakkaɓe shi kowane mako, in ba haka ba shi kansa zai zama toshiya.

6. Rage gudun fanka

Sai an gama duk na sama ake zuwa nan. Fanka mai waya uku tana da ta wuta, da ta ƙasa, da mai faɗa wa allo yawan juyi. Ana rage gudunta ta rage wutar da ake ba ta. Mai waya huɗu tana da ƙarin waya da allo ke aika mata umarnin gudu, ita ta fi daɗin saiti.

Ana shiga saitin allo, wato BIOS, ta danna Del ko F2 lokacin kunnawa, a HP kuma F10. A yawancin alluna akwai wurin da za a zaɓi tafiyar fanka: shiru, matsakaici, ko cikakken gudu. Wasu suna bari ka tsara da kanka. Ga mafari mai kyau: kashi 30 a digiri 40, kashi 50 a digiri 60, kashi 75 a digiri 75, cikakken gudu a digiri 85. Kada a taɓa hana fanka kaiwa cikakken gudu a sama, wannan ita ce garkuwar furosesa. Kwamfutocin ofis da laftof da yawa ba su da wannan saiti. A irinsu sai a bi ta Windows, a zaɓi tsarin wuta na daidaito ko na tattalin batir. Rage iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99 yakan hana ta yin tsallen gudu na musamman, zafi ya sauka sosai, mai buga takarda kuma da wuya ya ga bambanci.

Wasu masu gyara sukan ba fankar bolt 12 wutar bolt 5 ko 7 daga wayoyin akwatin wuta. Dabarar tana da haɗari biyu: fanka tana iya ƙin tashi da safe ba wanda ya sani, kuma ba za ta iya ƙara gudu ba idan zafi ya zo. Ana iya yi wa fankar akwati, a tabbatar tana tashi da kanta. Fankar furosesa kuwa a bar ta a hannun allo. Kada garin neman gira a rasa ido.

Bayan kowane saiti a gwada da tsakar rana, lokacin da shago ya fi zafi, a ba kwamfuta aiki mai nauyi na rabin awa ana kallon ma'auni. In ta tsaya ƙasa da 85, an dace. In tana zama a 90 ko sama, a mayar da gudun. Saitin da aka yi da sanyin Janairu a sake duba shi a Afrilu.

7. Lokacin sayen wata

Kwamfuta marar fanka ba sabon abu ba ce. Macintosh na farko da Apple ya fitar a 1984 ba shi da ita, haka MacBook Air na 2020 mai guntun M1. Sirrin shi ne ƙarancin cin wuta. Mai saye don buga takardu da koyon jarrabawa ya nemi mai furosesa marar cin wuta da SSD. Zai sami shiru, batirin solarsa kuma zai fi daɗewa. Kafin ya biya, ya kunna ta a gaban mai sayarwa, ya sa bidiyo na minti goma, ya saurara, ya kuma kara hannu a mafitar iska. In fanka tana ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, a toshe take.

Taƙaitawa

Zafi yana bin hanya daga furosesa zuwa mai, zuwa ƙarfe, zuwa iska. Duk inda hanyar ta toshe, fanka ce ke biya da gudu, gudu kuma shi ne ƙara. Ana fara gyara da saurare da awo, sai mazauni, shara, ɗaure girgiza, mai, man furosesa, sauya fanka, sannan rage gudu a ƙarshe.

Tambayoyi

1. Kawo matakai huɗu da zafi ke bi daga furosesa zuwa waje.
2. Me ya sa ake shafa mai tsakanin furosesa da ƙarfe?
3. Ƙarfe yana riƙe furosesa a digiri 50 sama da zafin ɗaki. Nawa za ta kai a ɗaki mai digiri 25? Nawa a shago mai digiri 41? A wanne za ka yarda ka rage gudun fanka?
4. Me ya sa ake riƙe fiffike yayin hurawa?
5. Wace ƙara ce ke nuna a gaggauta kwashe takardu?
6. Kawo abubuwa uku da ba a zuba wa fanka, da dalili.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki kwamfuta ɗaya, ya rubuta zafin furosesa tana hutawa da tana aiki, da irin ƙarar da ya ji. Ku share ta a gaban malami bisa ƙa'idojin kariya, ku sake awo, ku kwatanta adadin biyu a allo.

Aikin gida

Ka ziyarci shago ko makaranta mai kwamfuta a unguwarku, da izinin mai wurin. Ka rubuta inda aka ajiye ta, tazararta da bango, irin rufin ɗakin, da lokacin da aka share ta na ƙarshe. Ka kawo shawara uku da za su rage mata zafi ba tare da an kashe ko kwabo ba.